Rage Shan Wuta Ya Zama Haja: Matsayin Mai Saye A Kasuwar Lantarki

Ran 23 ga watan Janairu na 2023, daga ƙarfe 5 zuwa ƙarfe 6 na yamma, hukumar da ke kula da babban layin wutar lantarki na ƙasar Biritaniya ta sayi wata irin haja daga hannun magidanta da masu kantuna. Hajar kuwa ita ce wutar da suka yarda su haƙura da ita na tsawon sa'a guda. Wanda ya dakatar da injin wanki, da wanda ya jinkirta girki a murhun lantarki, da mai kantin da ya rage ƙarfin na'urar ɗumama ɗaki, duk an lissafa abin da kowannensu ya rage, an kuma biya shi.

Wannan ciniki ya cancanci 'yan kasuwar ƙasar nan su dube shi da idon basira. Mai masana'anta a Nijeriya ya yi shekara da shekaru yana haƙura da wuta, sai dai ba a taɓa neman shawararsa ba, ba a sanar da shi lokaci, balle a yi maganar biyansa. Abin da ake karɓa daga gare shi kyauta, a wasu ƙasashe haja ce mai farashi da ma'auni da yarjejeniya. Masana tattalin arziki suna kiran tsarin da sunan sassauta buƙata, watau mai saye ya rage shan wuta, ko ya mai da aikinsa wani lokaci dabam, saboda farashi ko saboda ladan da za a ba shi.

Abin da ya bambanta wuta da sauran kaya

Kowane ɗan kasuwa ya san bambancin hatsi da kayan gwari. Mai gero yana iya zuba shi a rumbu ya jira farashi ya tashi, amma mai tumatir tilas ya sayar cikin 'yan kwanaki. To, wutar lantarki ta fi tumatir rashin jimiri, domin a daidai lokacin da aka samar da ita ake shanye ta. Gaskiya ne yanzu akwai manyan batura da ake tara wuta a ciki, amma suna da tsada, kuma galibinsu na 'yan sa'o'i ne. Saboda haka dole abin da tashoshi ke turowa ya yi daidai da abin da jama'a ke ja, dare da rana.

Ma'aunin wannan daidaito shi ne bugun wutar, wanda a Nijeriya da Biritaniya aka tsayar da shi a kan 50 cikin kowace daƙiƙa. Idan masu ja suka rinjayi tashoshi, bugun ya yi ƙasa. Idan wuta ta yi yawa babu masu ja, ya yi sama. In ratar ta yi nisa, injinan tashoshi kan kashe kansu don gudun lalacewa, ɗaya bayan ɗaya, har ƙasa duka ta shiga duhu. Wannan shi ne abin da ake kira durƙushewar babban layi, wanda ya auku sau da dama a ƙasar nan cikin 2024.

Ita kuwa buƙatar jama'a ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ran 4 ga watan Yuli na 1990, da aka tashi daga wasan kusa da na ƙarshe na cin kofin duniya tsakanin Ingila da Jamus ta Yamma, miliyoyin 'yan kallo a Biritaniya suka miƙe daga gaban talabijin a lokaci guda, suka kunna fitilu da butocin dafa shayi. Cikin 'yan mintoci buƙata ta ƙaru da megawat 2,800, watau fiye da rabin abin da babban layin Nijeriya ya saba ɗauka.

Dalilin tsadar lokacin cunkoso

A kasuwar sarin wuta, tashar da ta fi araha ita ake fara kira, sa'an nan mai bi mata, har a biya buƙatar wannan sa'ar. Tashar ƙarshe da aka kira, wadda ta fi duka tsada, ita ke tsayar da farashi. Da tsakar dare tashoshi masu araha sun wadatar. Amma da magariba, sa'ad da kowa ya koma gida aka kunna komai, sai an taso da tashoshin da ke zaune ba aiki a yawancin kwanakin shekara.

Misalin wannan shi ne mai motocin haya da ya sayi ƙarin bas goma domin fasinjojin jajibirin Sallah kaɗai. Motocin za su yi aikin mako guda su koma gareji, amma kuɗin sayensu da na gyara da albashin direbobi yana nan, kuma daga aljihun fasinja zai fito. Da zai sami fasinjojin da za su yarda su yi tafiyarsu kwana uku kafin jajibiri in an yi musu rangwame, da ba ya bukatar motocin nan goma. Haka lissafin yake a harkar wuta. Tasha da layi da taransifoma duk ana gina su ne gwargwadon sa'ar da ta fi kowace cunkoso, don haka megawat guda da aka rage a wannan sa'a daidai yake da megawat guda da aka samar, kuma sau da yawa ya fi shi araha.

Hukumomin wasu ƙasashe sun mai da wannan lissafi doka. A Amurka, hukumar tarayya mai kula da makamashi ta yi umarni mai lamba 745 a 2011, cewa wanda ya rage shan wuta a kasuwar sari a biya shi farashin da ake biyan mai tasha, muddin hakan zai rage wa jama'a tsada. Masu tashoshi suka kai ƙara, amma a watan Janairu na 2016 Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da umarnin.

Yadda aka gudanar da shirin Biritaniya

Yaƙin Rasha da Yukren da ya ɓarke a watan Fabrairu na 2022 ya sa iskar gas ta yi tsada a Turai, aka kuma shiga fargabar cewa wuta ba za ta ishi Biritaniya ba a lokacin hunturu. A watan Nuwamba na wannan shekara hukumar babban layi ta buɗe shirin sayen ragi daga jama'a, ya ci gaba har zuwa watan Maris na 2023.

Hukumar ba ta yi hulɗa da gidaje ɗaya bayan ɗaya ba. Kamfanonin sayar da wuta, irin su Octopus Energy, da wasu kamfanoni masu zaman dillalai, su ne suka tattara jama'a. Aikin dillali a nan shi ne ya haɗa ɗan ragin gida dubu ko dubu ɗari ya zama kaya mai yawa wanda ya isa a kai kasuwa, ya karɓi kuɗi daga hukuma, ya cire la'adarsa, ya raba wa masu kaya saura. Akan sanar da mutane tun ana gobe cewa daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza ake son ragi. Wanda ya ga dama ya shiga, wanda bai rage komai ba kuma babu tara a kansa.

Sharaɗi mafi girma shi ne mita mai aika rahoton abin da aka sha kowane rabin sa'a. Da ita ake duba abin da gidan ya saba sha a irin wannan lokaci cikin kwanakin baya, a debe abin da ya sha ranar, bambancin shi ne abin da ya sayar. A lokutan gwaji hukumar ta lamunce farashin fam 3,000 a kan kowane megawat na sa'a guda, watau fam 3 a kan yunit ɗaya, wanda ya ninka farashin da magidanci ke sayen yunit sau da yawa.

Bisa alƙaluman hukumar, gidaje da wuraren kasuwanci miliyan 1.6 suka shiga a hunturun farko, suka rage abin da ya haura yunit miliyan 3.3. Idan aka raba, kowane mahalarci ya rage kimanin yunit 2 ke nan a duk tsawon watannin. Wannan ya nuna abubuwa biyu. Na farko, babu magidancin da ya yi arziki da shirin. Na biyu, darajar ragin tana ga lokacin da aka yi shi, domin galibi ya zo ne a sa'o'in cunkoso. Da fargabar ta lafa, daga ƙarshen 2024 hukumar ta janye lamunin farashi, ta bar ragin jama'a ya yi gogayya da tashoshi a kasuwa duk shekara, ladan kuma ya ragu ƙwarai. Kamar kowace haja, farashinsa yana bin ƙarancin kaya.

Sauran hanyoyi biyu

Biyan lada a kan ragi hanya ɗaya ce cikin uku. Ta biyu, wadda ta fi daɗewa, ita ce bambanta farashi bisa lokaci. Tun 1978 Biritaniya take da tsarin Economy 7, inda wutar sa'o'i 7 na dare ta fi ta rana araha. Kamfanin EDF na Faransa ya ƙara gaba da tsarinsa mai suna Tempo, wanda ya kasa shekara gida uku: kwanaki 300 masu shuɗin launi, 43 farare, 22 jajaye. Jajayen kwanakin suna faɗowa ne tsakanin 1 ga Nuwamba da 31 ga Maris, sa'ad da sanyi ya tsananta, kuma ana sanar da launin kowace rana tun ana gobe. A 2024 farashin yunit da rana a jar rana ya haura ninki huɗu na shuɗiyar rana. Wanda ya iya kame hannunsa kwana 22 ya more araha a sauran shekara. Wanda ya kasa, ya ji a aljihunsa.

Hanya ta uku ta manyan masana'antu ce, watau yarjejeniyar yanke wuta da yardar mai saye. A Afirka ta Kudu, masana'antar narka alminiyam ta Hillside da ke Richards Bay tana jan fiye da megawat 1,000. Yarjejeniyarta da kamfanin Eskom ta ba kamfanin damar katse mata wuta na ɗan lokaci ƙayyadadde idan babban layi ya shiga matsi, ita kuma tana samun wuta a farashi na musamman. Tukwanen narka ƙarfen suna jure gajeren yankewa ba tare da sun daskare ba, don haka masana'anta guda tana yi wa Eskom aikin babbar tashar ajiya.

Abin lura shi ne, a duk hanyoyin uku mai saye ya san sharaɗi tun farko: sau nawa, tsawon wane lokaci, da sanarwar sa'a nawa, a kan nawa.

Halin da ake ciki a Nijeriya

Ƙarfin tashoshin da ke haɗe da babban layin ƙasar nan ya kai kimanin megawat 13,000 a rubuce, amma abin da ke isa ga jama'a ya saba tsayawa tsakanin 4,000 da 5,000, saboda ƙarancin iskar gas, da raunin layuka, da bashin da ya yi wa harkar katutu. Kamfanin dakon wuta na TCN ya ba da sanarwar cewa ran 4 ga watan Maris na 2025 an kai megawat 5,801, aka ɗauke shi a matsayin abin tarihi, a ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200.

Saboda haka dole a faɗi gaskiya: matsalar Biritaniya ta 'yan sa'o'i ce a shekara, tamu kuwa ta kullum ce, kuma babu dabarar sassauta buƙata da za ta maye gurbin gina tashoshi da layuka. Amma wannan bai rage darajar tsarin ba. Inda kaya suka yi ƙaranci, nan ne yadda ake raba su ya fi muhimmanci. Tun zamanin NEPA, har zuwa bayan miƙa kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa a watan Nuwamba na 2013, hanyar rabon ɗaya ce: a kashe layin unguwa ɗungurungum. Mai ɗakin sanyi da kifinsa zai ruɓe, da mai injin niƙa da zai iya jira har dare, da asibiti, da gidan da ba kowa a ciki, hukuncinsu ɗaya. Mai saye ke ɗaukar nauyin daidaita babban layi, ladan kuwa ba ya zuwa hannunsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

An ɗan taka wasu matakai. A 2017 Ministan Lantarki na lokacin, Babatunde Fashola, ya ayyana cewa manyan masu shan wuta, waɗanda ƙa'idar wannan shekara ta sa wa iyakar megawat 2, suna iya sayen wuta kai tsaye daga tasha. A 2020 hukumar NERC ta kasa masu saye rukuni biyar bisa sa'o'in da aka yi musu alkawari a rana: rukunin A sa'a 20, B 16, C 12, D 8, E kuma 4. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga farashin rukunin A daga ƙasa da Naira 70 zuwa Naira 225 a kan yunit, kafin a ɗan sassauta shi a watan da ya biyo. Bugu da ƙari, Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa kasuwar wutarsu, kuma Enugu da Ekiti da Ondo ne suka fara karɓar wannan iko a 2024.

Sai dai tsarin rukuni yana tambayar sa'a nawa ne, ba ya tambayar wace sa'a. Yunit ɗin ƙarfe 8 na dare, da kowa ke rububinsa, da na ƙarfe 3 na asuba, da jama'a ke barci, kuɗinsu ɗaya. Mai masana'anta a Sharaɗa ko Challawa ko Kakuri ba shi da wani dalili na kuɗi da zai sa ya kauce wa lokacin cunkoso.

Abubuwan da ake bukata

Na farko shi ne ma'auni. Rahoton NERC na ƙarshen 2024 ya nuna cewa cikin masu hulɗa kimanin miliyan 13 da aka yi wa rajista, waɗanda ke da mita ba su kai rabi ba. Wanda ake yi wa kuɗin ƙiyasi, ko ya rage ko bai rage ba takardarsa ɗaya, ba shi da abin sayarwa. Ita ma mitar kati da aka saba da ita jimlar yunit take ƙidayawa a farashi guda. Amma manyan masu saye sun riga suna da mitocin da ke rubuta nauyin da suka ja, saboda haka da su ya kamata a fara, ba da gidaje ba.

Na biyu shi ne tabbacin wuta a lokacin da aka koma. Mai injin casar shinkafa ba zai tara ma'aikata da tsakar dare ba sai ya tabbata wutar za ta zo. Alkawarin araha ba tare da alkawarin samuwa ba, banza ne.

Na uku shi ne gaskiya wajen lissafi. Tun da ana biya ne a kan bambanci tsakanin abin da mutum ya saba sha da abin da ya sha, akwai mai wayon da zai ƙara shan wuta da gangan kafin ranar, domin raginsa ya yi kama da mai yawa. Kowace ƙasa da ta gwada tsarin ta yi fama da wannan, maganinsa kuwa shi ne ƙa'idar awo bayyananniya da alƙali mai zaman kansa.

Na huɗu shi ne biya a kan kari. A kasuwar da masu tashoshi ke bin bashi mai yawa, ɗan kasuwa ba zai amince da takardar alkawari ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a cire ladan kai tsaye daga kuɗin wutar watan.

Lissafin da ya rage ga ɗan kasuwa

Ba kowace sana'a ce ke iya jira ba. Mai walda da tela da mai shagon aski suna aiki ne sa'ad da mai ciniki ya zo. Amma akwai sana'o'in da ke da rumbu a ɓoye. Mai yin ƙanƙara yana ajiye sanyi, mai rijiyar burtsatse yana ajiye ruwa a tanki, mai niƙa yana ajiye gari a buhu, ɗakin sanyi mai kyakkyawan rufi yana jure sa'a ɗaya ko biyu a kashe. Duk waɗannan wuta ce aka ajiye a wata siffa.

A ɗauki misali da alƙaluman kwatance. Masana'antar ƙanƙara mai jan kilowat 200 ta ɗauke aikin sa'o'i 4 daga magariba ta mai da shi bayan sha biyun dare, yunit 800 ke nan a rana. In rangwamen dare Naira 50 ne a kan yunit, ta tsira da Naira 40,000 a rana, watau fiye da Naira miliyan 1 a wata mai kwanakin aiki 26. Daga ciki za ta cire alawus na ma'aikatan dare da kuɗin masu gadi. In saura ya yi kauri, ciniki ya faɗa. In bai yi ba, ta san farashin da za ta nema.

Haka kuma mai janareta yana da abin sayarwa. Litar man dizal tana ba da kimanin yunit 3, kuma a 2024 farashin lita ya haura Naira 1,000, ke nan yunit ɗin janareta ya zarce Naira 300 a kan mai kaɗai. Masana'antar da ta yarda ta koma kan janaretanta na sa'o'i biyu bisa sanarwa, domin a bar wa wasu wutar layi, ta san ainihin abin da hakan zai ci mata, kuma wannan shi ne mafi ƙarancin ladan da za ta karɓa. Yanzu ma tana yin hakan, amma ba shiri, kaya na kan inji, wani lokaci har da asarar abin da ake sarrafawa. Sanarwar sa'a 24 kaɗai, ko babu kobo a kai, kuɗi ce.

Har wa yau, yawaitar allunan wutar rana tana sauya lissafin. Inda aka girka su da yawa, tsakar rana ce lokacin araha, kuma famfunan noman rani da injinan niƙa suna iya bin rana maimakon dare.

Ɗan kasuwa guda ba shi da bakin yin ciniki da kamfanin rarraba wuta, amma masana'antu talatin da ke kan layi ɗaya suna da shi. Ƙungiyoyin masu masana'antu da majalisun ciniki suna iya zama dillalan 'ya'yansu. Aikin farko ba ya bukatar izinin kowa: kowace masana'anta ta rubuta nauyin da take ja sa'a bayan sa'a na tsawon wata guda, ta ware injinan da ke iya jira da waɗanda ba sa iyawa, ta sa wa kowace sa'ar jira farashi. Jihohin da ke karɓar ikon kasuwar wuta suna rubuta ƙa'idojinsu, kuma hukumomi kan saurari ra'ayin jama'a kafin su tsayar da farashi. Ƙungiyar da ta halarci irin wannan zama da alƙalumanta a hannu tana iya neman a sa farashin lokaci da yarjejeniyar yanke wuta bisa sanarwa cikin ƙa'idar tun daga tushe.